Gyara Darasi a Moodle Bayan Ɗalibai Sun Fara Karatu

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka tambaya ko za ka iya sabunta kwas ɗin Larabcin da kake koya wa yaranmu na Jidda a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ba tare da makinsu ya salwanta ba. Za ka iya, sai dai ya danganta da abin da za ka taɓa.

Rubutu, hoto ko bidiyo, canza abinka, ba komai. A jarrabawa ake yin ɓarna. Da zarar ɗalibi ɗaya ya amsa ta, Moodle ba zai bari ka ƙara tambaya ko ka cire ba. In amsa ka gyara, sa shi ya sake lissafa maki. Don Allah kada ka goge jarrabawar ka ɗora sabuwa, makin yara zai bi ta.

In fayil ɗin SCORM ne, wato darasin da aka ƙunshe a fayil ɗin zip guda, ɗora sabon a gurbin tsohon, ka tabbata lambobin shaidar cikin imsmanifest.xml, fayil ɗin da ke jera abubuwan da ke cikin ƙunshin, ba su canza ba. In sun canza, yaron da ya kai darasi na 8 zai iya tsintar kansa a farko.

Fara ajiye kwafin kwas ɗin, ka gwada gyaran a kan kwafin. Ni dai na fi son yin gyaran a ainihin kwas ɗin a daren Alhamis, tunda Juma'a da Asabar hutu ne nan Saudiyya, amma ka sanar da ɗaliban tun da wuri.