Sola mai ɗaukar esi biyu nake so, wane girma zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina gida mai ɗaki uku da falo a Rijiyar Zaki, Kano, har an kai linta. Gidan hayar da nake ciki ba ya kwantuwa daga Maris zuwa Mayu saboda zafi, ga man janareto ya gagara. Na ware kuɗin sola mai ɗaukar esi biyu. Wane girma zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Tunda ba a yi rufi ba, ajiye zancen girman sola tukuna, don ginin ne zai faɗa maka nawa za ka kashe. Esi mai ƙarfin doki ɗaya yana shan wutar da ta fi ta fanka goma, kuma da daddare batir ne zai ɗauki wannan nauyi, shi ne kuwa ya fi komai tsada a kayan sola.

Yawancin zafin gidajenmu ta sama yake shigowa. Ana ɗora kwano mai duhu, a manna masa silin, iskar da ke tsakani ta yi ta dahuwa ba ta da mafita. Ka sa birkila ya ƙara layi biyu na bulo kafin rufi, a bar ƙofofin iska tsakanin kwano da silin, a toshe su da raga saboda jemage. Ka zaɓi kwano mai haske, a shimfiɗa takardar alminiyom mai hana zafi a ƙarƙashinsa, bakin rufin kuma ya fito ya yi wa bango inuwa. Bangon yamma shi ke shan rana daga azahar har bayan la'asar, ya riƙe zafin ya sake maka shi da daddare. A can za ka sa baranda, ko ka dasa darbejiya, amma nesa da fandisho saboda saiwa.

In ka samu sarari ka leƙa Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa da ya zama gidan tarihi a Kano, da rana tsaka, ka dafa bangon ɗaki daga ciki. Kaurin tubali ne ke jinkirta zafi. Na zamaninsa shi ne bulon jan ƙasa da ake matsewa da inji, ana zuba masa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Kai ka riga ka wuce nan a babban gini, amma zai yi maka katanga da ɗakin baƙi. Wani birkilan zai taɓe baki ya ce aikin ƙauye ne. Yawanci bai taɓa aiki da shi ba ne. Abokin gabar wannan bulo ruwa, don haka layukan farko na gindin bango a yi su da bulon siminti saboda ruwan Agusta.

Sai sola. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka faifan su fuskanci kudu, a karkata su digiri 10 zuwa 15. In aka kwantar da su ƙura ce za ta zauna a kai. Lokacin hazo a riƙa wanke su da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, wanda ke nufin a kafa su inda za a iya hawa. Batir ba ya son ɗaki mai zafi, ka ware masa lungu mai iska tun yanzu, a kuma binne bututun waya kafin filasta, layin fitila da fanka da firij daban, na esi daban.

Da ni ne, zan sayi inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, mai kilowat 5 wadda ake iya ƙara wa faifai, da batirin lithium madaidaici, in yi bazara ɗaya a gidan da fanka. In har esin ya zama dole, ɗaya a ɗakin kwana, irin mai inbata a cikinsa wanda ba ya shan wuta sosai, sai a ƙara batir daidai shi.