Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya da Maganin Ƙiba

Tambaya: Anti, ina da ciki wata huɗu, na fari ne. A wurin awo an ba ni jar ƙwaya ta ƙarin jini da wata 'yar ƙarama rawaya. Tun da na fara sha bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, sai na tsorata na ajiye su. Ko wani abu ya sami cikin? Daga wata 'yar uwa a Rigasa.

Amsa: Kwantar da hankalinki ƙanwata, in sha Allahu lafiya lau. Sinadarin ƙarfen da ke cikin jar ƙwayar ne, abin da jiki bai tsotse ba shi ke fita da wannan launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa samun miligiram 30 zuwa 60 na wannan sinadari kullum, tare da folik asid, wato 'yar rawayar nan. Ki koma shan abinki yau ɗin nan. Kada ki kora shi da shayi, domin shayi na hana jiki tsotsarsa. Lemon zaƙi ko gwaba sun fi. In kuwa akwai ciwon ciki mai tsanani ko jiri, ki koma asibiti, kada ki jira ranar awo. Allah Ya raba lafiya.

Tambaya: Hunturu ya kama. In saya wa iyalina bitamin C mai narkewa a ruwa don kada su yi mura? Daga wani magidanci a Malali.

Amsa: A'a Malam. Wani babban nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, sai ɗan rage kwanakinta kaɗan. Rarar ma fitsari ke kwashewa. Ka sayo gwaba da lemo da rigunan sanyi.

Tambaya: Bikina ya matso, ƙawayena na cewa na rame da yawa. Wata mai kayan gyaran jiki ta haɗa mini ƙwayoyi a leda, ta ce sati biyu zan cika. Daga wata amarya a Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, don Allah kada ki haɗiyi ko ɗaya. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Irin haɗin da ake kira sha-ka-fashe galibi abu biyu ne a ciki: dexamethasone da cyproheptadine. Na biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Na farkon kuwa magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi, na ɗan lokaci. Cikar da za ki gani ba lafiya ba ce. Jiki ne ke riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da ƙeya da tumbi, hannu da ƙafa kuma su sirance. Na ga yarinya da fuskarta ta yi suntum har idanu sun shige, fatar cinyarta duk ta tsattsage da jajayen layuka, ga hawan jini tun ba ta kai ko'ina ba. Maganin nan na farko yana tayar da sukari, yana cinye ƙashi, yana karya garkuwar jiki. Wadda ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai irin wannan aikin, tana iya faɗuwa. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ledar. Ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Mu da muke juya atamfa sau uku a Kasuwar Barci kafin mu biya, ya za a yi mu karɓi abin da zai shiga jininmu ido rufe? Ku iyaye mata da ƙawaye masu zuga, ku ji tsoron Allah. In ramar ta dame ki da gaske, ki je a auna jininki, a duba tsutsar ciki da sukari, sannan ki riƙe kunun gyaɗa da wake da ƙwai da nono.

Tambaya: Abokina ya shiga kasuwancin wani ƙarin abinci daga Amurka, yana da lambar NAFDAC, ya ce yana warkar da ciwon sukari. In daina maganin asibiti? Daga wani Alhaji a Kawo.

Amsa: Haba Alhaji! Da girmanka? Lambar NAFDAC a kan irin waɗannan kaya ba shaidar warkarwa ba ce. Duba kwalin da kyau, da yawansu an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Zuwa daga waje ma ba hujja ba ne. A can Amurkan aka yi gwajin bitamin E a kan maza wajen 35,000, sakamakon 2011 ya nuna masu shan sa sun fi kamuwa da kansar prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin ɗari. Abokinka riba yake nema a kan kowace kwalba. Ka ci gaba da maganinka, kuma ka ɗauki kwalbar ka nuna wa likitanka kafin ka buɗe ta.