Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Cewa Nazariyya Biyu Ɗaya Suke a Mantiƙi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin lissafi a nan Gombe. Na nuna cewa nazariyyata ta farko tana fassaruwa cikin ta biyu, ta biyun ma tana fassaruwa cikin ta farko, sai na rubuta cewa ɗaya suke. Mai duba aikina ya bi babin kaf da jan biro, ga kare kundi saura wata guda. A ina na kauce?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Jan biron yana kan gaskiya, amma gyaran ba mai tsawo ba ne. Idan harshen nazariyya biyu ɗaya ne, sharaɗin zamansu ɗaya shi ne su tabbatar da jimloli iri ɗaya. Idan harshen ya bambanta, kamar < da ≤, sai kowace ta ayyana alamomin ɗayar har su haɗu a nazariyya guda.

Ramin da ka faɗa kuwa kusan kowane zango sai na tsamo wani daga ciki, albarkacin takardun darasi da ake ta kwafa ba tare da mai sayarwar ya taɓa bin hujjar da fensir ba. Abin da fassarar juna take ba ka shi ne, idan ɗaya ta kuɓuta daga tufka da warwara, ɗayar ma ta kuɓuta. Dubi ZF, wato nazariyyar tari (set theory) ta Zermelo da Fraenkel, da ZFC, wato ZF da aka ƙara wa ƙa'idar zaɓi, mai cewa ana iya zaɓo abu guda daga kowane tari da ba fanko ba a cikin jerin tari. ZF tana zaune cikin ZFC kai tsaye, sannan a 1938 masanin mantiƙi Godel ya gina duniyar L, wani yanki na duniyar tari, wadda ta cikinta ZFC take fassaruwa a ZF. Duk da haka ZFC tana ɗauke da ƙa'idar zaɓi, wadda Cohen ya nuna a 1963 cewa ZF ba ta iya tabbatar da ita. To ina ɗayantakar? Ka tashi daga duniyar tari gaba ɗaya, ka je ka dawo, sai ka tarar L kaɗai ke hannunka, kamar wanda tafinta ya juya masa saƙo zuwa Fulatanci, wani ya maido shi Hausa, ya ji rabin maganar ta zube a hanya.

Saboda haka zuwa da dawowar ake aunawa: dole fassarorin biyu su maido abin yadda yake, kuma nazariyyar da kanta ta tabbatar da hakan. Ko lissafin Peano (ƙa'idojin lambobin ƙirga) da nazariyyar tari masu iyaka, da Ackermann ya ƙulla tun 1937, sai da aka ƙara wa ta biyun ƙa'ida guda kafin wannan sharaɗi ya cika. Ka haɗa fassarorinka biyu ka gwada. Idan ba su maido ka gida ba, goge "ɗaya suke", ka rubuta "suna fassaruwa cikin juna", sauran babin ya tsaya yadda yake.