Kuɗin tallafin marasa muhalli: sai kun kashe naku kafin a biya ku

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki cewa ƙungiyarku ta 'yan uwa a nan Amurka tana son neman kuɗin da jiha ke rabawa don sama wa marasa muhalli wurin zama, kuma kina son sanin ta ina ake farawa. Na daɗe ina aiki a ofishin jiha da ke raba irin wannan kuɗi. Aikina duba takardun ƙungiyoyi kafin a sakar musu ko sisi, don haka daga wancan gefen teburin zan ba ki labari.

Yawancin abin da ake kira kuɗin jiha daga Washington yake fitowa, daga ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD. Tushensa dokar McKinney-Vento ta 1987, wadda aka yi wa garambawul a 2009. Shirin da ya fi dacewa da irinku shi ne ESG, wato tallafin gaggawa na HUD don marasa muhalli. Jiha kan karɓa ta raba wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji masu rajista. Wasu jihohin suna da nasu asusun daban, amma galibi tsarin tarayya suke kwaikwayo.

Abin da ya fi kayar da ƙananan ƙungiyoyi shi ne zaton cewa da zarar an ce "kun samu", kuɗi zai faɗo asusunsu. A mafi yawan jihohi ba haka ake yi ba. Ku za ku biya wa mutum haya daga aljihun ƙungiya, ku tattaro shaida, ku turo mana, sannan a mayar muku. Doka ta ce a biya ku cikin kwana 30, amma ba a fara ƙirga kwanakin sai takardunku sun cika cif. Na sha mayar da fayil saboda babu hoton cek ɗin da aka ba mai gida, ko ma'aikaci bai sa hannu a takardar awannin aikinsa ba. Akwai wani bawan Allah da ya ƙirga wa mai gida haya hannu da hannu, da zuciya ɗaya, mai gidan ya yago takarda daga littafin ɗansa ya rubuta masa rasit. Na san gaskiya yake faɗa, amma ba yadda za a yi in biya. Idan ba ku da abin da zai riƙe ku wata biyu zuwa uku a asusu, ku dakata tukuna.

Ga kuma kason da za ku kawo da kanku. A ESG, duk dalar da aka bayar ana son a samo wata dalar a ɗora mata. Wasu jihohi kan ɗauke wannan nauyi, da yawa kuma kan ɗora wa ƙungiya. Gudummawar kaya da awannin 'yan sa kai suna shiga lissafi, in dai an rubuta su a kan lokaci. In kuɗin zakka kuke shirin sawa, ku fara zama da malamanku, domin duk abin da aka lissafa a matsayin kasonku ƙa'idar gwamnati ce ke hawa kansa. Ba ku da ikon hana mutum taimako saboda addininsa, ba kuma za ku ce sai ya zauna wa'azi ba.

Yanzu ga inda na fi son ki natsu. Wanda mu muke kira marar muhalli ba lallai ne HUD ta kira shi haka ba. Mu ba ma barin namu ya kwana a titi. Wanda ya rasa ɗaki, wani zai shimfiɗa masa katifa a falo, ya yi wata shida yana naɗe ta kafin yara su tashi shirin makaranta. A wurin HUD wannan bai shiga sahun farko ba. Sahun farko shi ne mai kwana a titi, ko mota, ko tasha, ko gidan kwanan gaggawa. Mai katifar falo sai dai ya shiga ta ƙofar rigakafi, wato tallafin hana mutum rasa muhalli, wadda ke da nata sharuɗɗan, ciki har da cewa abin da yake samu bai kai kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar yankin ba. A ganina wannan ma'auni bai yi wa al'umma irin tamu adalci ba, tun da zumuncinmu ne ke ɓoye matsalar. Amma da shi za a auna ku, kuma in kuka biya wa wanda bai cancanta ba, ku za ku amayar da kuɗin.

Gidan ma sai ya ci jarrabawa. Dole a sami yarjejeniyar haya a rubuce, kada hayar ta wuce farashin da HUD ke fitarwa kowace shekara na yankin, kuma a je a duba wuta da ruwa da na'urar gano hayaƙi. Gidan da aka gina kafin 1978, in akwai ƙaramin yaro ko mai juna biyu, sai an duba fentinsa saboda gubar dalma. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da 'yan uwanmu ke kamawa da baki kawai, yawancinsu a nan suke faɗuwa. Kuɗin kuma mai gida ake ba, ba ɗan haya ba. Ana iya biyan bashin haya na wata shida sau ɗaya, jimillar taimakon kuma ba ta wuce wata 24 cikin shekara uku.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma masu cin lokaci: rajista a SAM.gov (shafin rajistar masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya), shigar da kowane mutum a rumbun bayanai na HMIS, ajiye fayil shekara biyar. Kuɗin gudanarwa kashi 7.5 ne kacal, shi ma jiha ba duka take sakowa ba. Kada ku bar wa ma'aji mai tuƙin tasi dare da rana wannan aiki, zai gaji ya ajiye.

Da ni ce ke, Hajiya, bana ba zan cike fom ba. Kowane yanki yana da gamayyar masu wannan aiki da ake kira CoC, kuma ta hanyarta ake tantance wanda za a fara ba gida. Ku nemi ta garinku, ku riƙa zuwa taronta. A kwanaki goman ƙarshe na Janairu ake fita da dare ƙirga marasa muhalli, ƙidayar 2024 ta haura mutum 770,000 a faɗin ƙasar, kuma kullum neman 'yan sa kai ake yi. Ku tura matasanku. Daga nan ku nemi babbar ƙungiya da ta riga ta saba da takardun, ku shiga ƙarƙashinta: ku kawo mutane, ku yi tafinta, ku nemo masu gidan da za su yarda su sa hannu. Bayan shekara ɗaya kuna da abin nunawa, kuma mu masu duba fom shi muke fara nema. Ki faɗa mini jihar da kuke, in nuna miki ofishin da ke riƙe da shirin a can.