Amsar muryar da aka nema: kwana a ɗakin matafiya a hanyar Zugspitze

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Ƙanena na ji saƙonka, kana tambaya wai ku da abokanka kuna so ku hau Zugspitze da ƙafa a hutun nan, shin dole sai an kwana a hanya, kuma yaya wurin kwanan yake, abinci da sallah da sauransu. To bari in yi maka bayani, ka yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ka ga dutsen nan tsayinsa mita 2,962, shi ne mafi tsawo a duk Jamus, in ka bi ta kwarin Reintal daga garin Garmisch wajen kilomita 21 ne, hawan kuma ya haura mita dubu biyu. Akwai masu yinsa a yini guda amma ku da ba ku saba ba don Allah kar ku gwada, ku kwana. Akwai gidajen kwanan matafiya a hanyar, Reintalangerhütte a ƙasa-ƙasa, sai Knorrhütte a wajen mita 2,050, ni dai shawarata ku kwana a Knorr ɗin, da asuba ku ƙarasa sama kafin hadarin yamma ya taso, don lokacin bazara nan da la'asar sai ka ga tsawa ta ɓarke ba zato, kuma ƙarshen hanyar tsakuwa ce mai zamewa da igiyar ƙarfe a jikin dutse, ba wurin da za ka so tsawa ta same ka ba ne.

Abu na farko, ku yi bukin, wato ku kama wurin kwana, tun yanzu ta intanet, ƙarshen mako cika yake tun da wuri. Kuma ku cire ma ranku cewa otal ne. Da ka isa za ka tuɓe takalmin hawa a wani ɗaki, ka sa silifas, ba a shiga da shi ciki. Wurin kwanan katifu ne jere a kan katako, kafaɗa da kafaɗa, kamar ɗakin kwanan makarantar kwana, maza da mata kuma ba lallai a raba ba, wannan ka gaya wa 'yan'uwa mata in suna cikin tafiyar, su nemi ƙaramin ɗaki tun wajen bukin. Bargo akwai, amma ba a wanke shi kullum, shi ya sa dole kowa ya zo da 'yar jakar kwana ta yadi mara nauyi ya shiga ciki. Wasu gidajen ma sai sun sa ta a na'urar ɗumama abinci tukuna saboda kuɗin cizo, kar ka ji haushi, kowa ake yi wa. Ƙarfe goma na dare an yi tsit, a riƙe tocilan goshi da abin toshe kunne don wallahi minshari akwai shi.

Abinci kuma ka buɗe baki ka tambaya, miyarsu da dunƙulen burodin nan sau da yawa da naman alade a ciki, ka ce na marasa cin nama kake so, Käsespätzle taliya ce da cuku tana riƙe ciki sosai. Kaiserschmarrn ma mai zaƙin nan ka tambaya, wasu suna jiƙa zabibin a giya. Ni nakan tafi da dabino da gyaɗa da ganyen shayi na sayi ruwan zafi kawai. Kar ka yi mamakin tsada, ba mota ke kai kaya can ba, kuma ka riƙe tsabar kuɗi don kati ba ko'ina yake yi ba, netwok ma haka, caji kuma sai ka yi sa'a.

Sallah, ai kuna cikin tafiya, akwai sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗawa, ka tambayi malami kafin ku tashi. Ruwan alwalar nan sanyinsa har cikin ƙashi, yatsu sai sun ƙage. Amma ka fita bayan ginin ka shimfiɗa jaket ɗinka ka yi asuba duwatsu sun kewaye ka, rana na fara taɓa kawunansu suna yin ja, wallahi ƙanena wannan kaɗai ya isa a sha wahalar hawan, ina so ƙwarai ku gani da idonku.

Sanyi kuma, duk mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri shida, ko a Agusta ka ɗauki rigar sanyi da ta ruwa. In za ku riƙa zuwa, ku yi rajista da DAV, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Jamus, tun 1869 take, 'yan ƙungiya ana rage musu kuɗin kwana kuma akwai inshorar ceto. Ku rubuta sunanku da inda kuka nufa a littafin gidan, sharar ku kuma ku sauko da ita. In mai gidan ya ce yanayi ba kyau kar ku hau, ku ji maganarsa ku juyo, shi ya san dutsen. Lambar gaggawa 112. Saukowa kuwa ku hau motar igiya zuwa tafkin Eibsee da ke gindin dutsen ku huta da gwiwoyinku. Ka turo min ranar da kuka tsayar in duba muku hasashen yanayi.