Za a yi wa Hajiya aikin baya a Indiya, mu biya kuɗin na'urar kwamfuta?

Tambaya: Salam. Mahaifiyata ce za a yi wa tiyatar kashin baya a Indiya, asibitin sun turo mana farashi biyu, ɗaya na aikin da aka saba, ɗayan kuma wai da kwamfuta mai nuna wa likita hanya, ya fi tsada sosai. Ƙannena sun ce a biya ko da za a sai da fili. Meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tun kafin a je maganar fili ka tambaye su, za a ɗaura mata sukuru a kashin ne ko a'a? Don amfanin na'urar nan kusan duk a wajen sukurun yake. Hanyar da sukuru ke bi cikin kashin siririya ce, ga laka a gefe ga jijiyoyi, in ya kauce kaɗan sai ka ji ƙafa ta ɗau ciwo ko ta sage. To na'urori irin su O-arm da StealthStation na kamfanin Medtronic, ko na kamfanin Brainlab na Jamus, abin da suke yi shi ne a ɗau hoton kashin tana kwance a ɗakin tiyata, a maƙala wata alama a jikin kashin, kyamara tana bin kayan aikin likita tana nuna masa a allo daidai inda bakin ƙarfen ya kai.

In bayan ya karkace ne, ko aikin a wuya ne ko saitin ƙirji, ko an taɓa yin aiki a wurin a baya, ni dai zan biya wallahi. Amma in guringuntsin da ya danne jijiya kawai za a cire ba sukuru, kuɗin ku ne zai tafi a banza, likitoci sun daɗe suna wannan aikin da hoton C-arm (na'urar X-ray da aka saba amfani da ita a ɗakin tiyata) lafiya lau.

Sannan kar sunan kwamfuta ya ruɗe ku, ba ita ke yin aikin ba fa, ko mutum-mutumin Mazor X ɗin da ake ta talla hannun likita ne a kai. In alamar nan ta ɗan motsa, allon zai nuna komai daidai alhali an kauce, ƙwararre ne kaɗai zai farga. Saboda haka ku tambayi likitan kansa, ba wakilin da ke haɗa ku da asibitin ba (shi kamashonsa yake dubawa), sau nawa ya yi irin aikin Hajiya da na'urar. Kuma ku ware kuɗin fiziyo na bayan dawowa gida kafin ku amsa musu.