Na Ajiye Aiki, Shugabana Ya Ce In Yi Shiru: Wa Zai Sanar da Abokan Aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani, kuma makonni biyu da suka wuce na miƙa takardar ajiye aiki saboda na samu gurbi a wani wuri. Wa'adin da zan cika kafin in tafi wata ɗaya ne. Shugabana ya karɓi takardar cikin mutunci, amma ya ce kada in gaya wa kowa sai shi ya sanar, kuma har yau bai ce uffan ba. Yanzu raɗe-raɗi ya fara yawo, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko gaskiya ne an sallame ni. Wadda nake ganin za ta gaji aikina kuwa ba ta san komai ba. Shin in ci gaba da yin shiru, ko in faɗa da bakina? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin kyauta da kika fara da shugabanki kafin kowa, domin babu abin da ke ɓata rabuwar ma'aikaci da shugabansa kamar shugaban ya ji labarin tafiyarsa daga bakin wani. Roƙon da ya yi miki na ki dakata shi ma ba baƙon abu ba ne. Shugaba yana buƙatar kwanaki kaɗan ya sanar da na sama da shi da sashen kula da ma'aikata, ya tsara wanda zai riƙe aikin, ya kuma shirya amsar da zai bai wa masu tambayarsa abin da zai biyo baya. Matsalar ita ce kin amince da yin shiru ba tare da kun tsayar da ranar da shirun zai ƙare ba, ga shi yanzu rabin wa'adinki ya tafi a haka.

Ki tuna dalilin da ya sa ake ba da wa'adi tun farko. Ana ba da shi ne domin mai tafiya ya miƙa aikin da ke hannunsa, wanda zai karɓa kuma ya samu lokacin tambaya tun mai amsawa yana nan. Tsawonsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta wajabta wa wanda ya yi wata ɗaya ko fiye a wurin aiki ya ba da sanarwar aƙalla mako ɗaya. A Amurka makonni biyu aka saba bayarwa bisa al'adar aiki, a Najeriya kuwa sashe na 11 na dokar ƙwadago ya tanadi wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Waɗannan tanade-tanaden sun tsaya ne kan sanarwar da ke tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ba su ce komai ba kan wanda zai gaya wa abokan aiki. Wannan abu ne na ƙa'idojin kamfani da fahimtar juna. Saboda haka ki fara duba takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, ki ga ko akwai sharaɗin da ya hana ki bayyana tafiyarki. Idan babu, to abin da ke tsakaninki da shugabanki alkawari ne na mutunci, kuma irin wannan alkawari ana iya komawa a sake zama a kansa.

Shawarata ita ce ki koma wurinsa gobe, kada ki bari wani makon ya wuce. Ki je da nufin a warware matsala tare. Ki gaya masa cewa maganar ta riga ta fita, kuma ta fita a karkace, tunda har an tambaye ki ko korarki aka yi. Ina so ki ɗauki wannan da muhimmanci fiye da yadda na ga kin ɗauke shi a wasiƙarki, saboda irin sashen da kike aiki. Idan aka ce an sallami mai lissafin kuɗi ba tare da bayani ba, zukatan mutane kan tafi ne kai tsaye ga zargin cewa an taɓa kuɗi, kuma irin wannan zargi yana iya bin mutum har sabon wurin aikinsa ko da babu ƙanshin gaskiya a ciki. Sunan da kika gina cikin shekara shida bai kamata a bar shi a hannun masu zato ba. Shi ma shugabanki yana da abin da zai rasa, domin inda ake raɗe-raɗin kora kowa kan fara tunanin ko shi ne na gaba.

Daga nan sai ki nemi ku tsayar da abubuwa uku a zama ɗaya: ranar da za a sanar, wanda zai sanar, da kalmomin da za a yi amfani da su. Ki ba da rana ta kusa, kamar kwana biyu ko uku, ki kuma kafa hujja da aikin kansa, wato cewa rufe lissafin ƙarshen wata yana tafe kuma wadda za ta gaje ki tana buƙatar ta yi shi tare da ke ko da sau ɗaya ne. Idan ya fi son ya sanar da kansa, ki bar masa, wannan haƙƙinsa ne a matsayinsa na shugaba, amma ki roƙi ganin rubutun kafin a aika. Zai fi sauƙi ma ki zo da naki a rubuce, domin shugaban da aiki ya yi wa yawa yakan yi murna da samun abin da zai gyara kawai. Jimloli uku sun isa: cewa kin ajiye aiki da kanki, ranar da za ki kammala, da wanda za a riƙa tuntuɓa kan ayyukanki. Kalmar "da kanta" ita ce wadda ba za ki yarda a cire ba, domin ita ce za ta kashe zancen kora. Bayan kun tashi, ki aika masa da gajeren saƙon imel kina maimaita abin da kuka tsayar.

Tsarin da za a bi wajen sanarwar ma yana da tasiri. Wadda za ta karɓi aikinki ita ta fi cancanta ta fara ji, kuma ta ji a keɓe, fuska da fuska, domin ita ce nauyin zai hau kanta, kuma ba daidai ba ne ta karanta makomar aikinta a saƙon da aka tura wa kowa da kowa. Sai 'yan sashenku a ɗan gajeren zama, sannan sauran ma'aikata, duk cikin yini ɗaya idan zai yiwu, saboda zancen duniya ba ya ɓuya, kuma duk tazarar da aka bari tsakanin waɗanda suka ji da waɗanda ba su ji ba, jita-jita ce ke cike ta. Abokan hulɗa na waje kuwa ki bar wa kamfani ya yanke yadda za a gaya musu, domin hulɗar tasa ce. Kada kuma ki rubuta komai a kafafen sada zumunta kafin duk wannan ya kammala.

Yana yiwuwa ya sake ce miki ki ƙara haƙuri ba tare da ya ba da rana ba. A nan ki bambance abubuwa biyu. Alkawarin da kika ɗauka na kada ki yi shela ne, bai haɗa da ki yi ƙarya ko ki ƙyale ƙarya a kanki ta zauna ba. Duk wanda ya tambaye ki ko an sallame ki, kina da damar ki ce masa ba haka ba ne, kuma sanarwa tana nan tafe daga shugabanku. Shi kuma ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa daga rana kaza za ki fara miƙa aiki, kuma hakan ba zai yiwu ba sai wadda za ta karɓa ta sani. Idan duk da haka ya ƙi motsawa, ki kai maganar sashen kula da ma'aikata, ki kuma sanar da shi tun kafin ki kai, don kada ya ga kamar kin zagaye shi.

Da zarar an sanar, tambayoyi za su taso kan dalilin tafiyarki da inda za ki. Ba dole ba ne ki faɗi sunan sabon wurin, kuma mutane da yawa kan jira sai sun fara aiki a can kafin su bayyana. Ki zaɓi amsa ɗaya gajeriya ki riƙa bai wa kowa ita, domin idan kika gaya wa wannan albashi ne, kika gaya wa wancan gajiya ce, za su haɗa maganganun bayan kin tafi. Idan kina da ƙorafi kan yadda ake gudanar da aiki, wurinsa shi ne ganawar bankwana da sashen kula da ma'aikata, inda ake iya rubuta shi a yi aiki da shi. Magana zarar bunu ce, kuma waɗanda kike gaya wa su ne za su ci gaba da zama da wannan shugaban bayanki.

Abokiyar aikin da ta zo ta tambaye ki kai tsaye, ki neme ta ranar da aka sanar, kafin saƙon ya isa gare ta idan da hali. Ki gaya mata cewa an roƙe ki ki yi shiru ne, shi ya sa ba ki buɗe mata maganar ba a lokacin, ki kuma gode mata da ta kawo miki abin da ta ji maimakon ta kai shi gaba.